Ledar da Na Binne a Gonar Tudu

Gonar tudu, wadda take jikin shingen maƙabarta, ba ta cikin gadonku. Na faɗa muku da baki kun ce to, amma na ga yadda kuka dubi juna, shi ya sa nake sa shi a rubuce. Kuna ganin rikicin tsufa ne yake kai ni can kowace safiya da shebur da buhu, ina tonon ƙasar da ba na shukawa. Da yawanku kuna makaranta a Kano lokacin da abin ya faru, kuma abin da kuka ji a bakin mutane guntu-guntu ne. Ga yadda aka yi.

Kakanku ya bar mana filaye biyu, ni da yayana Mamman, wato Baffanku. Ɗaya na ƙasan kanal, inda muke shinkafa da alkama. Ɗayan kuwa na tudu. Kafin ya rasu ya kira mu a gaban liman, ya ce gonar tudu ba tamu ba ce, ta matattu ce. Mu noma ta mu ci, amma ranar da maƙabarta ta cika a ture shinge a shiga ciki. Shi kansa a layin ƙarshe aka binne shi, dab da shingen. Tun daga ranar Yaya Mamman ya sa wa wurin ido. Ko wucewa muke yi sai ya nuna da haɓa ya ce nan ne nasa, gefen Baba, ta wannan ɓangaren shingen. Ba da wasa yake faɗa ba. Mutum ne da bai taɓa neman komai a wurina ba sai wannan.

Gonar tana da ciwo ɗaya. Lokacin da ake aikin kanal, ma'aikata sun ɗebi ƙasa a cikinta suka ɗaga gaɓa, suka bar mana rami wanda ya cinye kusan rabinta, ya tafi har kusa da shingen. In mutum ya shiga ya ɗaga hannu ba a ganin yatsunsa. Dabarar Yaya ita ce duk shekara in an yashe kanal, mu kwaso laka a amalanke mu zuba. Haka muka yi ta yi, ramin yana cika kamar ba ya cika. Shi bai damu ba. Ni kuwa ni nake noma gonar, kullum ina kallon rabin fili a banza alhali ga ruwa yana wucewa a kusa, injin ban ruwa kawai zan ɗora.

Sai kun san yadda muke da juji kafin ku gane wautata. A wajenmu sharar birni taki ce. Tun muna yara ake tafiya Kano da jakuna a cika mangala da toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da tsummokara, a zo a watsa a gona. Daga baya tifa ta karɓi aikin jaki. A juye, mu tsince kwalba da gwangwani, sauran mu bar wa damina. Mun tashi da sanin cewa duk abin da birni ya zubar, ƙasa za ta ci ta mayar mana da hatsi. Da leda ta fara yawa a cikin takin, muna tsincewa gwargwadon iko, wadda ta kuɓuce mu ce ai ita ma za ta bi 'yan uwanta.

A shekarar da nake ba ku labari, rediyo ba ta da zance sai na leda. Za a yi doka, za a hana, ta toshe magudanai, za a rufe masu yin ta. Muna ji muna dariya, don mai goro ma a leda yake ƙulla mana. Ana cikin haka wata rana da tsakar rana Ɗanladi, direban tifar da ke kawo mana taki, ya same ni a inuwar gadar kanal.

"Malam Garba, raminka har yanzu bakinsa a buɗe?"

"A buɗe. Kai yake jira ka zo ka faɗa."

"To na samo masa abinci. Kuma kyauta, ko man mota ba za ka saya ba."

"Kai da kyauta? Yau rana ta ina ta fito?"

Ya ce wani kamfani ne a Kano da ke buga ledar ƙunshin kaya. Tun da aka fara zancen dokar, masu ba su aiki suka ce sun canza irin ƙunshi, ba sa son tsohon. Kaya ya taru musu a sito, suna tsoron jami'ai su zo su tarar. Jujin birni kuma an sa masa ido. Suna neman wuri ne mai nisa, a haɗa da toka da shara a juye, kowa ya huta.

Na kai wa Yaya zancen a zaurensa, yana gyaran igiyar guga. Bai ɗago ba.

"Garba, wurin nan makwancin mutane ne."

"Ai gyara musu zan yi, Yaya. Ko a rami za a kwantar da su?"

"Laka ta fi. A hankali za mu kai."

"A hankali har mu mutu ba mu kai ba. Ƙasar da take cin mutum da ƙashinsa, leda ce za ta gagare ta?"

Sai a lokacin ya dube ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da kai kan igiyarsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuma na ɗauki shirunsa na mayar da shi izini, don haka nake so.

Da rana tsaka aka riƙa juyewa, kowa yana gani, ba abin da na ɓoye. Tifar farko toka ce a sama, na ji daɗi. Da ta ɗaga baya sosai sai wasu manyan naɗe-naɗe suka gangaro, kamar bandir ɗin yadi. Ɗaya ya bugi dutse ya warware, ya tafi yana shimfiɗuwa har ƙasan ramin. Ledar garin kunun jarirai ce, ciki fari mai ƙyalli, waje kuma hoton jariri. Jariri ɗaya ne, mai kumatu, yana dariya da haƙora biyu na ƙasa. Shi ne a jere, fuska bayan fuska, daga bakin ramin har ƙasa, duk suna kallon sama. Wani cikin masu kallo ya yi dariya, sai kowa ya ɗauka.

Mahaifiyarku Talatu ta kawo mini abinci a ranar. Kun san kafin ku mun binne biyu, tun ba su fara zama ba, kuma suna kwance a bayan shingen nan. Ta tsaya a bakin ramin da kwano a ka. Ta sauke shi a hankali ta ajiye a ƙasa.

"Malam, binne su za ka yi?"

"Leda ce fa, Talatu."

"Na gani."

Ta juya. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake taka gonar tudu ba. In na yi aiki a can, sai dai in dawo gida in ci.

Ramin ya cika har ya yi tozo, abin da ya yi saura na baje shi ta gefen shinge, na bi da toka da jar ƙasa, na daddaɓe. Na ɗora inji, na dasa tumatur. Kuma ya yi. Tokar nan ta sa ya yi kyan da ban taɓa gani ba, mutane suna tsayawa a hanya suna kallo. Hanne, matar Yaya, wadda muke wasan ƙanen miji da ita tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ita ta fi kowa tsokanata.

"Mijina, an ce ka haifi 'ya'ya cikin tifa ba ka yi mana suna ba. Rowar rago ce?"

"Ke za ki yi musu wanka, sai ki shirya."

"Ni? Ai sai dai uwarsu ta Kano."

Haka sunan ya bi gari. In an ga guntun ledar a hanya sai a ce ga ɗan Garba ya fito yawo.

A shekara ta gaba na fara lura da abubuwa, ban gaya wa kowa ba. In na taka tsakiyar gonar, ƙasa tana lotsawa ta dawo, kamar na taka cikin dabba. Da zafin rana, in iska ta tsaya, ina jin wani ƙaramin motsi a ƙarƙashin ƙafata, ƙaras-ƙaras, kamar ana murza wani abu a hankali, in na tsaya shi ma ya tsaya. In na saki ruwa, wani wuri ya kwanta ya ƙi shiga har ya yi kore, wani wurin kuma ya zurare cikin wata kafa da ban san inda ta nufa ba, yana ƙara kamar mai kurɓa. Na tona ban ga tana ko ɗaya ba. Garar da ke damun kowa ta bar ni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne balbela. Duk wanda ya sa garma a yankinmu, balbelu suna bin bayansa fari fat. Ranar da na sa shanu a gonar tudu, balbelun suka zo suka jeru a kan shinge suna kallo, ko ɗaya ba ta sauka ba. Na waiwaya bayan garmar, sai na ga kunyoyin da na tayar cike da fuskoki. Wasu rabi, wasu ido ɗaya, wasu baki kawai da haƙoran nan biyu. Rana ta cinye launin rigata, damina ta cinye ƙyauren lambuna, amma su ko dusashewa ba su yi ba. Tumatur ya riƙa tsayawa iya gwiwa ya yi rawaya. In na tuge, sai in ga saiwar ta tafi ta tarar da leda ta lanƙwashe ta dawo sama.

Duk da haka na riƙa gaya wa kaina cewa na sama ne suke fitowa, na ƙasa sun riga sun ruɓe.

Ciwon Yaya ya zo daidai da cikar maƙabarta. A wannan daminar aka yi rashe-rashe, aka rufe ɗan wurin da ya rage, liman ya sanar a masallaci cewa wanda ya biyo baya a gonar tudu za a sa shi. Na shiga duba Yaya da hantsi, Hanne tana yi masa fifita. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa.

"Garba, wurin nan ya zauna?"

"Ya zauna, Yaya."

"Gefen Baba?"

"Nan ai bakin rami ne, ba a zuba da yawa ba. Ƙasa ta ci."

"To alhamdulillahi."

Ya rufe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Da a ranar na ɗauki shebur na je na gwada, da na sani, da an sami lokacin yin wani abu. Ban je ba. Tsoron abin da zan gani ya fi mini tsoron abin da zai biyo baya.

Ya cika ranar wata Talata da safe. Aka ce bayan azahar za a kai shi. Na bi masu haƙa da kaina, muka ture shinge, na nuna musu wurin. Sale, wanda shi ke jagorantar haƙar kabari a garinmu, ya yi bisimilla ya sara. Taƙi ɗaya na farko ƙasa ce. Daga nan diga ta daina shiga, sai ta riƙa dawowa kamar an sari taya. Ya sa hannu ya jawo, leda ta biyo shi, ya ja, ta ci gaba da zuwa, doguwa, jiƙe, fuska bayan fuska, har ya ja da baya ya fita daga ramin tana biye da shi ba ta ƙare ba. Ba wanda ya yi dariya. Suka yanka da wuƙa suka ci gaba. Da suka kai inda za a fara ƙaramin ramin ciki, wanda ake kwantar da mamaci, sai bangon ya ƙi tsayawa. A gyara nan, can ya zubo. Wani baƙin ruwa mai wari ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Kuma ta kowane gefe na bangon, daga sama har ƙasa, idanu ne a jere suna leƙen cikin kabarin.

Muka matsa gaba muka sake sarawa. Haka. Muka koma can ƙarshe. Haka. Abin da na baje ya bi gonar duka, garma kuma ta gauraya shi. Kafin nan an yi wa Yaya sutura, an sallace shi, an ɗauko shi. Muna cikin rami na uku muka ga mutane tafe da makara. Suka ajiye shi a inuwar darbejiya, jama'a suka tsaya, rana tana dukan kowa. Gawa ba ta jira, kun sani. Amma Yaya ya jira, a kwance cikin likkafani, taku kaɗan daga kabarin mahaifinsa.

Liman ya zo ya leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya tsuguna a bakin na farko ya daɗe.

"Malam Garba, har ina abin nan ya kai?"

"Ya fi tsayin mutum, Malam."

"Ba za mu kwantar da Musulmi cikin ruwan nan ba. Ko babu ruwan, bangon ba zai riƙe itace ba." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "A tura wani tsallaken kanal ya roƙi mutanen can su ba mu wuri."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake kallona ba.

Hanyar tsallake ta siririyar gadar ƙafa ce, wadda mutum biyu ba sa jerawa. Muna ɗaga makara iska ta taso. Duk abin da muka tono muka tara a bakin ramuka ya tashi. Ledojin suka bi mu. Suna birgima a ƙasa tsakanin ƙafafun mutane, suna maƙalewa a shinge, suna naɗe wa tsofaffi a ƙafa. Da muka hau gadar na duba ƙasa, na ga sun riga mu faɗawa ruwa, suna tafiya a hankali a ƙarƙashinmu, fuska a sama. Ɗaya ta zo ta manne a tabarmar da aka rufe Yaya da ita, daidai kafaɗarsa. Ina riƙe da makara da hannu biyu, ba halin in saki a kan gadar. Haka na tsallaka da shi, jaririn nan yana yi mini dariya a kan gawar ɗan uwana, har wani dattijo daga cikin mutanen tsallake ya sa hannu ya cire, ya duba gaba da baya, ya rasa inda zai jefar, ya cusa a aljihu.

A cikin baƙi aka binne Baffanku. Mutanen kirki ne, sun ba mu wuri mai kyau. Amma ba nan ya nuna ba.

Hanne ba ta zage ni ba. Da na shiga yi mata gaisuwa ta amsa kamar yadda ta amsa wa kowa. Sai dai daga ranar na zama Malam Garba a bakinta. Matar da ta yi shekaru tana ce mini mijina, tana ɓoye mini takalmi in na shiga gidan, ta koma rusuna mini kamar baƙo. Duk wanda ya rasu a garinmu bayan nan, gadar ake tsallakawa da shi. Mahaifiyarku ma can take, nesa da 'ya'yanta biyu.

Bayan sadakar bakwai na fara tono. Da farko na tara na cinna wuta. Hayaƙin bai tashi sama ba, ya kwanta baƙi ƙirin a kan kaburbura, ya shiga gidaje, yara suka kama tari. Wutar kuma ta bi ta ƙarƙashin ƙasa tana ci a ɓoye, kwana da kwanaki gonar tana da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Mai unguwa ya aiko a ce kada in sake. Ƙungiyar manoma ta riga ta hana zuba shara a kanal, kuma da gaskiyarsu. Na kira masu sayen roba, suka murza suka ce irin wannan mai ƙyalli a ciki ba ta narkuwa, ko kyauta ba sa so. Na nemi Ɗanladi, aka ce ya koma jigilar yashi a wani gari. Dokar da ta kawo mini wannan kaya kuwa, ban san inda ta kwana ba. Wasu sun ce an yi, wasu sun ce ana nan ana shiri. Ni dai har yau a leda ake ƙulla mini goro. Ba na cewa dokar ba ta da kyau. Ina cewa wanda ya hana abu a birni ya tambayi inda tsohon zai tafi, don wani wuri zai tafi, kuma akwai irina a kowane ƙauye, mai rami da gaggawa. Abin da nake tonowa a buhu nake cusawa, ina jerawa a can ƙarshen gonar. Buhunan suna ruɓewa su fashe. Abin cikinsu ba ya ruɓewa.

Bara na gama wuri ɗaya. Na tone shi har na tarar da asalin ƙasa, na tace da rariya, na ciko da lakar kanal a baro, irin yadda Yaya ya ce tun farko. Gefen Baba ne, daidai inda yake nunawa. Liman ya sa Sale ya sara, bango ya tsaya, ƙasa ja mai tsabta. Ya ce mutum ɗaya zai kwanta. Na wanke ƙafa na tafi wurin Hanne. Ta tsufa sosai, tana zaune a tabarma tana tsince wake.

"Yaya Hanne, na gyara wurin. Na ce ko ke za a ajiye wa, tunda nasa ne."

Ta ci gaba da tsintar wakenta har na zaci ba ta ji ba.

"Gefen Baba?"

"Nan."

"Ya yi kyau?"

"Liman ya gani."

"Sannu da aiki, Malam Garba." Ta ture tsakuwa gefe da yatsa. "Amma inda ka kai shi, can za ka kai ni."

Na san abin da kuke tunani, cewa tunda ta ƙi, ni za a ajiye wa. Kada ku yi. Duk wanda Allah ya fara ɗauka a garin nan, ko wane ne, ko baƙo ne ya faɗi a kasuwa, a sa shi a wurin. Ni in tawa ta zo, ku tsallaka da ni gadar. Ku riƙe makarar da kyau, gadar tana da santsi ta tsakiya.